Wanda ya ja da baya ya tuba, a sake yi masa baftisma ko kuwa?

Shugaban matasa: Ina gaishe da iyaye da 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Wata magana ta taso mana a zumuntar matasa, mun kasa warware ta. Akwai waɗanda aka yi wa baftisma tun suna samari, daga baya suka ja da baya, suka shiga shaye-shaye da fasikanci shekara da shekaru, sa'an nan Ubangiji ya taɓa zukatansu a taron farkawa, suka dawo da hawaye suna roƙon a sake yi musu baftisma. Ra'ayina shi ne a yi musu. Romawa 6:4 ta ce an binne mu tare da Almasihu ta wurin baftisma domin mu yi tafiya cikin sabon rai, wanda kuwa ya tono tsohon mutum daga kabari ya rayu da shi, ina ganin ya wajaba a sake binne shi.

Dattijon ikilisiya: Ɗana, na yaba da damuwarka a kan waɗannan yara, amma ban yarda da kai ba. Afisawa 4:5 ta ce Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. Ka duba Siman na Samariya a Ayyukan Manzanni sura 8: ya ba da gaskiya, an yi masa baftisma, sai ga shi yana miƙa kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki. Bitrus ya faɗa masa a fili cewa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba, amma abin da ya umarce shi da shi tuba ne da roƙon Ubangiji. Bai aika shi rafi ba.

Shugaban matasa: Baba, to yaya za mu yi da sura 19, inda Bulus ya sake yi wa almajirai wajen goma sha biyu baftisma a Afisa?

Fasto: Waɗancan baftismar Yahaya kaɗai suka sani, kuma da bakinsu suka ce ba su taɓa jin akwai Ruhu Mai Tsarki ba, saboda haka abin da suka karɓa a hannun Bulus shi ne baftismarsu ta farko cikin sunan Yesu. Wannan tambaya kuma ba a kanmu ta fara ba. A shekara ta 250 Sarki Desiyus na Roma ya tilasta wa kowa miƙa hadaya ga alloli, ya karɓi takardar shaida, masu bi da yawa kuwa suka faɗi don tsoron azaba. Da tsananin ya lafa suka nemi dawowa, sai aka yi gardama mai zafi. Nobashiyan, wani shugaban ikilisiya a Roma, ya ce a rufe musu ƙofa, Sifiriyan bishop na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, da sauran bishop-bishop suka tsai da cewa a karɓe su bayan lokacin tuba gwargwadon nauyin laifin kowa. Abin lura shi ne, ko waɗanda suka yi musun Almasihu a gaban hukuma, laifin da ya fi na yaranmu nauyi, ba a mayar da su ruwa ba. Ɗora musu hannu aka yi, aka mayar da su ga jibin Ubangiji. Haka ma shaidar bangaskiya ta shekara ta 381, wadda Katolika da Anglikan da Lutheran suke karantawa har yau, take cewa baftisma ɗaya domin gafarar zunubai.

Shugabar zumuntar mata: Baba Fasto, na ji tarihin, ban kuma musa ba. Amma ina so mu tambayi kanmu dalilin da ya sa yaran nan suke neman ruwa, domin a ganina laifin yana wurinmu. Idan mutum ya faɗi, a gaban jama'a muke sanar da cewa an sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi jibi, ya koma bencin baya wata da watanni kowa yana kallonsa. Ranar da za a ɗage horon kuwa, sau da yawa jimla ɗaya ce a cikin sanarwa, tsakanin batun baiko da ranar share majami'a. Kunyarsa ta fito fili, gafararsa kuma ta shige a ɓoye, yaya zuciyarsa za ta yarda cewa an wanke shi? A Luka 15 uban bai karɓi ɗansa ta ƙofar baya ba, ya sa masa riga mafi kyau da zobe da takalma, ya yanka kiwataccen maraƙi, har wan ya jiyo kiɗa da ya kusato gida. Bulus ma a 2 Korantiyawa 2:7-8 ya ce a yafe wa wanda aka hora, a ƙarfafa shi, a tabbatar masa da ƙauna, don kada baƙin ciki ya sha kansa. Idan ba mu ba su alamar da Littafi Mai Tsarki ya nuna ba, za su nemi wadda suka sani.

Mai bishara: Mama ta faɗi gaskiya, sai dai akwai wani rukuni da ba a ambata ba. Mun san waɗanda suka shiga ajin baftisma don tsaransu sun shiga, ko don suna bukatar katin baftisma kafin a ɗaura musu aure a majami'a. Sun haddace amsoshi, sun shiga ruwa, amma ba su taɓa tuba ba. Irin wannan mutum ba ja da baya ya yi ba, tun farko bai fara tafiyar ba. Markus 16:16 ta sa bangaskiya kafin baftisma. A kan wannan ne waɗanda suka yi wa juna baftisma a Zurik, a ƙasar Suwizalan, a 1525 suka tsaya, har aka kashe ɗayansu, Felis Manz, ta wurin nutsar da shi a kogi a 1527, haka kuma mutum takwas da suka shiga kogin Eda a Jamus a 1708, waɗanda daga cikin zuriyarsu ta bangaskiya masu mishan suka iso Garkida a 1923. Ko da yake an yi musu baftisma tun suna jarirai, ba su ɗauki abin da suka yi a matsayin maimaici ba.

Katekis: Ɗan'uwa mai bishara, a nan ne muka rabu. Idan ingancin baftisma ya rataya ga tsarkin zuciyar mutum a ranar, to babu wanda zai kwana da tabbaci, gama wane ne a cikinmu zai rantse cewa bangaskiyarsa cikakkiya ce sa'ad da ya shiga ruwa? Alkawarin na Allah ne, shi kuwa ba ya warware nasa don mun warware namu. Martin Luta ya koyar a 1529 cewa ma'anar baftisma ita ce a nutsar da tsohon Adamu kowace rana ta wurin nadama da tuba, mu kuma a daren Ista muna tsayawa gaba ɗaya mu sabunta alkawuran baftismarmu, mu sake ƙin Shaiɗan da ayyukansa. Ina tsoron idan aka buɗe ƙofar da ka nuna, kowane mai ja da baya zai ce ai can ma ban ba da gaskiya ba, kuma wasu za su shiga ruwa bayan kowane taron farkawa alhali kwalbar tana nan a ƙarƙashin gado.

Mai bishara: Tsoronka yana da tushe, amma yiwuwar wasu su yi wasa da abu ba ta isa ta sa a hana mai gaskiya ba. Aikin dattawa ne su zauna da mutum su bincika, ba da gaggawa ba.

Fasto: A kan wanda bai taɓa ba da gaskiya ba, ɗarikunmu sun bambanta tun ƙarnuka, kowa ya bi ka'idar ikilisiyarsa da lamiri mai tsabta. Amma tambayar da aka fara da ita a kan mai bi ne da ya faɗi, a nan kuwa ina tsaye a kan maganar Ubangiji ga Bitrus a Yahaya 13:10, cewa wanda ya yi wanka ba ya bukatar kome sai wanke ƙafafu. Bitrus ɗin nan ya yi musunsa sau uku, abin da ya samu a bakin tekun kuwa tambaya ce sau uku, ko yana ƙaunarsa, da aikin kiwon tumaki. Dawuda bayan zunubinsa zuciya mai tsabta ya roƙa a Zabura 51, wannan kuwa aikin Ruhu ne da yake bayyana a furta zunubi, da mayar da abin da aka ci na mutane, da rabuwa da tsofaffin abokai.

Shugaban matasa: Baba Fasto, har yanzu ina tare da mai bishara a kan biyu daga cikin yaran, domin sun ce sam ba su san Almasihu ba a lokacin. Sauran kuwa me zan faɗa musu ranar Lahadi?

Dattijon ikilisiya: Ka kawo su duka gaban majalisar dattawa bayan sujada, a ji kowa shi kaɗai. Maganar biyun za mu miƙa ta ga Fasto bisa ka'idarmu. Ni kuma zan gabatar da shawarar Mama, cewa duk wanda aka ɗage wa horo a kira shi gaba, ya ba da shaida in yana so, dattawa su ɗora masa hannu, ya ci jibi tare da mu a ranar, kuma a haɗa shi da wani babba da zai riƙa ziyartarsa har shekara guda.