Wa ya taɓa gano sunan furotin daga jerin haruffansa kawai?

'Yar aji uku:
Salam 'yan uwa. Malaminmu na bayokemistiri ya raba mana asaimen, kowa ya ba shi dogon jerin haruffa (kowane harafi amino acid ɗaya ne, tubalin ginin furotin) ba suna ba komai, wai mu gano wane furotin ne kuma na wace halitta. Na zuba nawa a BLAST, manhajar neman jeri masu kama da juna ta shafin NCBI, sai jajayen layuka suka cika min shafi na rasa wanne zan kama. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda ta kaya.

Mai bautar ƙasa:
Hhhh mu ma haka aka yi mana. Nawa ya fara da MVHLTPEEK, ina sa shi a blastp, wato BLAST na furotin, ya ce haemoglobin beta ne, furotin na jini, amma abin da ya ɗaure min kai na mutum kashi 100 na chimpanzee ma kashi 100, na zata na kwafsa ne ashe sarƙar tamu da tasu iri ɗaya ce harafi da harafi, don haka na rubuta duka biyun. Na ƙawata kuma malam ya yi mata tarko, E ɗin da ke wuri na 6 in ba ka ƙirga M ɗin farko ba ya koma V, ita kuma ta ga kashi 99 ta wuce abinta. Wannan harafi ɗayan fa shi ne sikila.

Ɗan baya a aji:
Ni kwana biyu na ɓata, ina ta zagin netwok ashe a blastn nake zubawa, wanda na DNA ne ba na furotin ba. Ki fara duba haruffan, in A, T, G, C ne kaɗai to DNA aka ba ki, sai blastx mai fassara DNA zuwa furotin da kansa, ko ki fassara shi a shafin Expasy tukuna.

Malama a lab:
Ƙanwata kar ki yarda da layin farko don kawai shi ne a sama. Na taɓa rubuta suna a rahoto saboda na ga kashi 90, oga ya nuna min query cover ɗin bai kai kashi 20 ba, wato guntu ne kawai ya yi daidai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ki haɗa shi da E-value, ma'aunin ko kamannin dace ne kawai, iya ƙanƙantarsa iya ƙarfin hujjarki. In kuma ya yi ta kawo miki hypothetical protein, wato wanda hasashensa kawai aka yi, canza rumbun bayanan daga nr mai tara komai zuwa Swiss-Prot, shi mutane ne suke tantance shi. Kamanni in ya yi ƙasa da kashi 30 ni ba na rantsuwa a kai, shafin InterPro nake zuwa in ga ko daga wane dangi yake.

Ɗan masters:
Mu samfur muka tura aka yi mana mass spec, gwajin gano furotin ta nauyin guntayensa, muna ta zumuɗi, da sakamako ya dawo abin da ya fi yawa keratin ne. Na fatar hannunmu da gashinmu. Tun ranar ba na taɓa jel ɗin da ake ware furotin a ciki ba safar hannu.

'Yar aji uku:
Alhamdulillah na gode, Swiss-Prot ya fitar da ni, lysozyme ne na farin ƙwan kaza, lambarsa P00698 a rumbun UniProt. Amma littafi ya ce haruffa 129 ne tsawonsa ni kuma nawa 147?

Malama a lab:
18 ɗin farko signal peptide ne, guntun da ke nuna wa furotin hanya, ana yanke shi kafin furotin ɗin ya fita daga ƙwayar halitta. Ƙirga ki gani, na 19 zai fara da KVFGR. Ki sa wannan a rahoton, irin sa malamai ke ba maki.