Kafin ka ɗauko aku ko kunkuru daga wata ƙasa

Shawarar da aka fi nanatawa a wata tattaunawa kan ɗauko dabbobi irin su aku da kunkuru daga wata ƙasa ita ce: a nemi takarda kafin a nemi dabba. Yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji masu fuskantar barazanar ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973 ta fara aiki a 1975, ta kasa dabbobi rukuni 3. Na rukunin farko ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe idan daga daji aka kamo su. Nan ne mutane ke faɗawa rami, domin aku mai ruwan toka da jan wutsiya, wanda wasu ke ɗauka tsuntsun gida ne kawai, an mayar da shi wannan rukuni a taron ƙasashen yarjejeniyar na 2016. Ko naka ne tun yana ɗan tsako, sai da izinin ƙasar da zai fita da na wadda zai shiga. Masu kiwo suka ce a adana shaidar inda aka ƙyanƙyashe shi, lambar zoben ƙafarsa kuma ta dace da ta takarda, don jami'in kwastam zai duba.

An kuma ja kunne cewa izinin shigowa daban, izinin ajiyewa daban. A Amurka ma kowace jiha da dokarta.

Batun lafiya bai ɗauki lokaci ba: takardar likitan dabbobi, sai killacewa. Tarayyar Turai ta hana shigo da tsuntsayen daji tun 2005 saboda murar tsuntsaye.

Kamfanonin jiragen sama kuwa suna bin ƙa'idojin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kan girman keji da iska, wasu ma ba sa ɗaukar namun daji sam, gara a tambaya kafin a yanki tikiti.