Neman shawara: yaya zan bambance mos da libawot idan na fita tattarowa?

Ɗaliba daga Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji uku a sashen ilimin tsirrai. An ba mu aikin tattaro mos da libawot, wato ƙananan tsirran nan marasa fure masu kama da gansakuka, kowanne mu rubuta inda muka same shi da alamun da muka gane shi da su. Na kankaro wasu a katangar bayan gida da bakin rijiya na zuba a leda, amma wallahi duk gansakuka ɗaya nake gani. Abin da na riƙe shi ne, mai shimfiɗa a ƙasa libawot ne, mai ganye kuma mos. Wannan ya isa? Sannan ina zan nufa kafin ruwa ya ɗauke?

Ma'aikacin ɗakin adana tsirrai:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara fitar da su daga ledar nan, za su yi gumi su yi fumfuna. Ki naɗe kowanne daban a ambulan ko tsohuwar jarida.

Ƙa'idar da kika riƙe rabinta ce gaskiya. Idan abu shimfiɗaɗɗe ne, ba kara ba ganye, yana rabuwa biyu-biyu a baki, to ba mos ba ne. Sai dai mafi yawan libawot na duniya masu ganye ne, kuma a nan ɗalibai suke faɗuwa. Ki samu gilashin ƙara girma na hannu, mai ninki 10 ya isa, ki jiƙa tsiron, ki duba yadda ganye ya zauna. Na mos yakan zagaye kara ta ko'ina, da tsini, kuma sau da yawa da jijiya a tsakiya. Na libawot sahu biyu ne, dama da hagu, suna hawan juna, ba jijiya ko kaɗan, wani a tsage gida biyu ko a naɗe. Ki juya shi, sau tari za ki ga sahu na uku na ƙananan ganye a ƙasa. Tsakanin su biyun, ganin jijiya a ganye hujja ce cewa mos ne. Rashinta ba hujja ba ce, don akwai mos marasa ita.

Idan Allah ya sa kin samu mai ƙwanso, wato ɗan kurtun da ke ɗauke da ƙwayoyin yaɗuwarsa, magana ta ƙare. Ƙwanson mos yana kan sili mai tauri, ja ko ruwan ƙasa, yana da murfi, idan murfin ya faɗi galibi a ga haƙora a zagaye da bakin. Na libawot galibi baƙi ne, a kan farin sili mai taushi da ba ya daɗewa, kuma a masu ganye gida huɗu yake tsagewa.

Malamar kimiyya daga Jos:
'Yata, ni kafin in ɗauko gilashi nakan tambayi kaina, a kan me wannan abu yake zaune? Wurin zama yana rage miki rabin wahala. Katangar siminti da bakin kwata da rijiya, galibi mos ne. Akwai Hyophila, wadda ganyenta ke nannaɗewa idan ta bushe, ki ɗiga ruwa ki ga ta buɗe nan take. Akwai Bryum argenteum mai ƙyallin azurfa a tsagin daɓe. Inda aka ƙona sassabe ko shara, toka ta sha ruwa, ki nemi Funaria hygrometrica: ƙwansonta a karkace yake, silinta na murɗewa da warwarewa gwargwadon laima. Danyar ƙasa da ba ciyawa, gefen fadama ko 'yar ƙasar da ta taru a kan dutse irin Kufena na wajenku a Zariya, can ne gidan Riccia, libawot mai shimfiɗa. Kore ce ƙarama, kwance a zagaye, faɗinta bai cika wuce kwabo ba. Kada ki ɓata lokaci neman silinta, ba ta da shi, ƙwanson a cikin jikinta yake binne, sai dai ki ga ɗigo baƙi. A jikin kwakwar manja kuma, kamar a kudancin Kaduna, akwai mos mai fari-fari da ganye mai kauri, Octoblepharum albidum.

Idan da hali ki zo ta wajenmu. Matsirgar Assop a hanyar Jos da duwatsun Shere sun fi cikin gari nesa ba kusa ba. Ki duba ɓawon bishiyoyin inuwa, za ki ga wani abu ja-ja zuwa baƙi a manne. Mutane na ɗauka datti ne, alhali Frullania ce, libawot mai ganye. Wanda ya taɓa shiga kurmin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila ya san har a kan ganyen bishiya suke tsirowa.

Wani ɗalibi:
Anti, ki sa su a matsar tsirrai tsakanin jarida ki ɗora nauyi, haka muka yi da ganyaye a aji biyu.

Ma'aikacin ɗakin adana tsirrai:
A'a, kada ta danne. Siffar tarin, ko tudu ne ko shimfiɗa, tana cikin abin da ake ganewa da shi. Ta bar ambulan a buɗe a inuwa su sha iska kawai. Mos ko ya shekara a bushe, da an jiƙa shi siffarsa ke dawowa. Libawot kuwa ki duba shi a maikuroskof tun yana ɗanye, domin ƙwayoyin jikinsa na ɗauke da 'yan ɗigon mai waɗanda mos ba shi da su, kuma suna ɓacewa idan ya bushe. Riccia dai ba ta da su. Ki duba gashin da yake kama ƙasa da shi ma: na libawot zare ne miƙe mai ƙwaya ɗaya, na mos gaɓa-gaɓa ne, yana reshe.

Tsohuwar ɗalibar sashen:
Ƙawata, ki yi hattara da masu shigar burtu. Na farko Fissidens. Ganyenta sahu biyu ne a kwance, kowa ya gani sai ya ce libawot, amma mos ce, ga jijiya nan ɓaro-ɓaro, kuma gindin kowane ganye na da aljihu da ya rungumi kara. Tana son gaɓar rafi da ƙasar inuwa. Sai Selaginella ta kan duwatsu, wadda ba ma cikin dangin take ba, tana da saiwa ta gaske da hanyoyin ruwa a kara. Abin da ke da santsi a hannu, zare-zare, ba ganye, wannan gansakukar ruwa ce. Mai ruwan toka, busasshe, da ke manne a dutse ko ɓawo, laikin ne, wato haɗin fumfuna da gansakuka, shi ma ba ya cikinsu. Kuma idan kin ga shimfiɗaɗɗe ya fito da dogayen ƙahoni kore masu tsagewa biyu daga sama, Anthoceros ne ko danginsa, rukuni na uku ke nan, kada ki sa shi cikin libawot.

Ɗaliba daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, a littafinmu Marchantia kaɗai aka zana a cikin libawot. Dole sai na samo ta?

Ma'aikacin ɗakin adana tsirrai:
Ba dole ba ne, Riccia ta fi sauƙin samu a wajenku. Marchantia na son inda ruwa ba ya yankewa, kamar gefen matsirga ko tukwanen masu renon furanni. Ta fi Riccia girma sosai, da 'yan kofuna zagayayyu a bayanta. Ki fita daga Agusta zuwa farkon Oktoba, da hunturu ya busa za ki sha wahalar ganinsu. Ki ɗebi kaɗan, ki haɗa da ɗan ɓawon ko ƙasar da yake kai. A bayan ambulan ki rubuta kwanan wata da wuri, inuwa ce ko rana, dutse ne ko siminti, in bishiya ce wace iri. Sunan jinsi, kamar Riccia ko Fissidens, ya ishe ki a wannan mataki, sauran sai a ɗakin gwaji. Ki kuma tafi da abokin rakiya da takalmi mai kama ƙasa, duwatsun nan santsi gare su da damina.