Ina neman Hausar "formal" kafin darasin Asabar

Malamar Turanci: Salamu alaikum malamaina. Ina koya wa manya rubutun Turanci, wasunsu za su zauna jarrabawar IELTS ta gwada ƙwarewa a Turanci, wadda a ɓangarenta na gama-gari ake sa mutum ya rubuta wasiƙa mai kalma 150 ko fiye. Ranar Asabar zan raba musu takardar bayani da Hausa, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: formal. Abin da nake so su gane shi ne, in za ka rubuta wa wanda ba ka saba da shi ba, "do not" ake rubutawa a cike, ba "don't" ba, "request" ya fi "ask for" dacewa, kuma in ka buɗe da "Dear Sir or Madam" to da "Yours faithfully" za ka rufe. Me zan kira wannan?

Mai fassara: Wa alaikumus salam. Salon hukuma. Kishiyarsa kuma salon hira.

Ɗalibi: Daidaitaccen Turanci fa, Malama?

Mai fassara: Wannan gurbin yana da mai shi. Kamar Daidaitacciyar Hausa ne, batun nahawu da ƙa'idar rubutu. "Don't" ai daidai yake, ba kuskure ba ne, wurin zamansa ne daban.

Tsohon malami: Me ya kai ku aro alhali muna da namu? Hukuma Larabci ce. Ku ce Turancin fada. Duk Bahaushe ya san maganar fada dabam take da ta dandali. Shekara da shekaru da shi nake koyarwa, ba yaron da ya taɓa ce mini bai gane ba.

Mai gyaran rubutu: Allah gafarta Malam, kalmar tana da daɗin ji, amma a rubuce akwai haɗari. Yawancin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, don haka ido ya saba ganin "fada" ya karanta "faɗa". Ɗalibi zai ɗauka Turancin rigima za a koya masa.

Tsohon malami: Sai a koya musu sa ƙugiya. Don lalacin masu waya za mu yar da kalma?

Malamar Turanci: Baba, ni abin da ke ba ni tsoro da "fada" shi ne kirari. Ciwon da nake fama da shi ke nan. Wani ɗalibina ya rubuta wasiƙar neman hutun kwana 2, ya cika layi 5 da gaisuwa da yabon shugabansa kafin ya ambaci hutun. Shi a ganinsa ladabi ya yi. Baturen da zai karanta kuwa so yake a jimlar farko ya ga dalilin wasiƙar: "I am writing to request". In na ce musu fada, ƙara musu ƙaimi na yi. Shi ya sa ma na ƙi "salon ladabi", domin wasiƙar koke mai zafi tana iya zama formal daga farko har ƙarshe.

Ɗalibi: Ni wallahi abin da ke ƙona mini rai shi ne a ce Turanci yana da hawa-hawa, mu kuma sai mun yi ta lalube, kamar harshenmu bai kai ba.

Mai fassara: Wa ya ce ba mu da shi? Mutu, rasu, wafati, duk ba nauyinsu ɗaya ba. Muna ce wa babba "ku", abokinmu "kai". Turanci ma ya taɓa samun haka, "thou" na kusa ne, "you" na jam'i da girmamawa, daga baya "thou" ya fita daga maganar yau da kullum. Nauyin sai ya koma kan zaɓen kalma. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066 Faransanci ya zama harshen masu mulki da kotu, shi ya sa "obtain" da "commence" suka fi "get" da "begin" nauyi a takarda. Yadda kalmomin Larabci ke yi mana a Hausa ke nan. Sunan abin ne kawai ba mu tsayar ba.

Tsohon malami: To kun ji, masu mulki. Fada ke nan.

Mai gyaran rubutu: Malam, in asali za mu bi, darasi da wasiƙa da kalma duk sai mun mayar wa Larabawa. Suna cikin ƙamusun Hausa na Bargery tun 1934. Amma "hukuma" ma tana da giɓinta: maƙalar jami'a formal ce, kuma ba hukuma ake rubuta wa ba.

Mai fassara: Wannan gaskiya ne. Na amince.

Malamar Turanci: Lokaci ya ƙure mini, ga abin da zan sa: "Salon hukuma: yadda ake rubuta wa wanda ba a saba da shi ba, ko wanda aiki ne ya haɗa ku." Kishiyarsa salon hira. In mun zo kan maƙala zan sake dawowa. Saura semi-formal, irin wasiƙar da za ka rubuta wa maigidan haya da ka san sunansa.

Ɗalibi: Tsaka-tsaki?

Tsohon malami: Sa hukumar taki, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Amma in kin zo yi musu bayani da baki, ki gwada ce musu fada sau ɗaya ki kalli fuskokinsu.