Wane irin kaya zan saya wa yarona da zai fara nazare?

Salamu alaikum iyaye. Yarona ɗan shekara 2 da wata 8 zai fara nazare, kuma ajinsu ba sa saka yunifom. Yanzu yake koyon zuwa bayi da kansa, kayansa kuwa duk masu maɓalli da zif ne, kafin ya ɓalle ya riga ya jiƙe. Na sayo wanduna 3 masu roba, masu araha, wanki biyu robar ta saki, launi ya zuba. Ga hannuna ba nauyi, shi kuma girma yake kamar ana jan sa. Auduga zalla ta fi jure wanki, ko mai gauraye? In sayi wanda ya ɗan fi shi, ko zai riƙa tuntuɓe? Kala nawa za su ishe shi a mako, har da na canji a jaka? Don Allah ku ba ni shawara.