Wai duk wanda ya bi umarnin ɗan sanda ba a harbinsa?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Kan maganar harbe-harben 'yan sandan Amurka da ake ta yi, ni matsayina ɗaya ne, in ɗan sanda ya ce tsaya ka tsaya, ya ce ɗaga hannu ka ɗaga, ba abin da zai same ka. Yawancin waɗanda ake kashewa taurin kai ne ya ja musu.

Uwar Biyu: Wa'alaikumussalam. Baban Ummi don Allah ka janye wannan maganar, wallahi ta yi nauyi. Ka san labarin Philando Castile? A Yulin 2016 aka tsayar da motarsa a jihar Minnesota, budurwarsa na gefe, 'yarta mai shekara 4 na kujerar baya, shi da bakinsa cikin ladabi ya gaya wa ɗan sandan cewa akwai bindiga a jikinsa, kuma yana da lasisin riƙe ta, an riga an ce ya kawo takardunsa, yana kai hannu sai harsashi bakwai a cikin motar. Matar ta kunna Facebook kai tsaye, mutum na zubar da jini a gefenta tana ta yi wa ɗan sandan magana da girmamawa don kar ita ma a harbe ta. A kicin ɗin makaranta yake aiki, yara yake ba abinci. Ina taurin kan a nan? Kuma a 2017 kotu ta wanke ɗan sandan.

Baban Ummi: Allah ya kyauta. Amma Hajiya wannan ai ɗaya ne cikin dubu, ba a gina hukunci a kan labari ɗaya.

Kawu: Ni ina ganin Baban Ummi na da gaskiya ta wani gefen. Jaridar Washington Post ta fara ƙirga waɗanda 'yan sanda suka harbe har lahira tun 2015, kusan mutum 1,000 duk shekara, kuma mafi yawansu da makami a hannunsu aka same su, bindiga ko wuƙa. Ƙasar da bindigogin da ke hannun farar hula sun fi mutanen ƙasar yawa fa muke magana. Duk motar da ka tsayar ba ka san me ke ƙarƙashin kujera ba. Washegarin kisan Castile ɗin nan wani ya buɗe wuta a Dallas ya kashe 'yan sanda biyar, su ma suna da mata da 'ya'ya.

Ɗalibin Lauya: Kawu ba wanda ya musa cewa aikin na da haɗari. Amma ba shi ne abin da Baban Ummi ya faɗa ba, cewa ya yi biyayya na tsare mutum, kuma nan ne ban yarda ba. Ku nemi bidiyon Daniel Shaver, 2016, a wani otal a garin Mesa na Arizona, kuma Bature ne don kar a ce maganar launin fata kawai muke yi. Ba makami a jikinsa, yana kuka yana roƙo kar a harbe shi, ana ta daka masa tsawa, harɗe ƙafa, ɗaga hannu sama, yanzu rarrafo ka taho, to don Allah ta yaya mutum zai yi rarrafe hannunsa na sama? Yana cikin rarrafen ya kai hannu wajen ƙugunsa kamar zai ja wandonsa da ke zamewa, harbi biyar. Wannan ɗan sandan ma an wanke shi. Na kalla sau ɗaya ban iya sake kallo ba.

Dalilin da ya sa ake wanke su a doka yake. A shari'ar Graham da Connor ta 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta ce za a auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi ne da idon ɗan sanda mai hankali da ke wurin a wannan lokacin, ba da abin da aka gano daga baya ba. Kenan tambayar da ake yi a kotu ba "shin mamacin ya bi umarni?" ba ce, tambayar ita ce ko tsoron da ɗan sandan ya ji abu ne da hankali zai ɗauka. Kana iya yin duk abin da aka ce, hannunka ya motsa kaɗan, shi kenan.

Baban Ummi: To ni abin da ban gane ba, in dole sai sun yi harbin me ya hana su harbi ƙafa?

Kawu: Ba haka ake koya musu ba, ƙirji ake koya musu nufa saboda ƙafa na motsi, harsashi ya wuce ya sami wani. Kuma akwai babbar jijiyar jini a cinya, in ta tsinke mintuna kaɗan mutum ya tafi.

Uwar Biyu: Shi ya sa ni damuwata ba ina za a harba ba ce, me ya kai su zaro bindigar tun farko? Tamir Rice yaro ne ɗan shekara 12 a Cleveland, 2014, bindigar wasa ce a hannunsa, motar 'yan sanda ta zo ta tsaya daf da shi, cikin kamar daƙiƙa biyu an harbe shi. Yaushe yaron ya samu damar jin umarni balle ya bi? Da sun tsaya nesa sun yi masa magana daga bayan mota da yanzu magidanci ne. Ni uwa ce, wannan ba ya fita a raina. Kuma alƙaluman da Kawu ya kawo su ne dai suka nuna ana kashe baƙaƙen fata fiye da ninki biyu na farare in aka duba yawan kowa.

Ɗalibin Lauya: Kuma ko wanda ya ƙi bin umarnin ma ba a ce a kashe shi ba fa. Tun 1985 a shari'ar Tennessee da Garner kotu ta hana harbin mai gudu sai in yana da haɗari ga ran wani. Walter Scott gudu ya yi a 2015 a South Carolina, aka harbe shi ta baya, ba don wani mai wucewa ya ɗauka da wayarsa ba da rahoton ɗan sandan za a bi. Shekara 20 a gidan yari aka yanke wa ɗan sandan.

Baban Ummi: Na ji, kalmar "babu abin da zai same ka" na yi kuskure, na janye ta. Amma ɗana dai zan ci gaba da ce masa in an tsayar da shi ya ɗora hannu a kan sitiyari kar ya yi gardama.

Uwar Biyu: Nima haka nake gaya wa nawa Baban Ummi, kullum. Abin da ba zan yarda ba shi ne in an kashe ɗan wani mu fara tambayar me ya yi, kafin mu tambayi wanda ya danna kunamar me ya gani.