Salanga: talauci ne ko rashin so?

Mushe: Salamu alaikum jama'ar Tawa. Ni dai ina nan kan bakana: ba talauci ke hana mutanenmu gina salanga ba, ba su sa ta cikin lissafi ba ne. Mutum ya aurar da ɗiya, ya yi gara, ya sayi babur, amma iyalinsa sai duhu ya yi su nufi bayan gari. Kusan mutum 2 cikin 3 a Nijar a fili suke bahaya. Duka ne suka rasa kuɗin haƙa rami? Shi ya sa nake cewa salangar kyauta da furoje, wato ayyukan ƙungiyoyin tallafi, ke rabawa ɓarnar kuɗi ce.

Baba Magini: Wa alaikumus salam. Mushe, ka taɓa riƙe diga a ƙasar Adar? A kan tudu, kamu biyu ka tarar da dutse. Inda rairayi ne tono ba wuya, amma in ba a ɗaure ramin da birki da siminti ba, ruwan Agusta guda ya isa ya rufta da shi. Ga ƙarfen murfi, ga ruwan kwaɓi, wanda a wasu ƙauyuka shi ma saye ake. Ramin ba shi ne tsada ba, tsayawarsa ce.

Ɗan Konni: Baba, Allah shi ba ka haƙuri, amma Mushe yana da hujja. A Mali, yankin Kulikoro, an gwada tsarin ATPC, wato tsaftar da jama'ar gari ke jagoranta da kansu, wanda ba a ba kowa ko buhun siminti. Ana tara gari ne a zaga da su inda suke zuwa, a nuna musu yadda ƙuda ke tashi daga can ya sauka kan tuwo. Sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna kashi 65 cikin 100 na gidaje sun samu salanga a ƙauyukan da aka bi, sauran ƙauyukan kuwa kashi 35. Da laka da itace suka yi abinsu.

Malamar Likita: Ƙanena, ka kawo rabin labari. A Bangaladash aka haifi wannan tsarin, wajen shekarar 2000, kuma can ɗin aka yi wani gwaji da ya fito a 2015 shi ma: wa'azi kaɗai bai ƙara yawan salanga mai inganci ba, sai da aka rage wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin kaya. Har maƙwabtan da ba su samu ragin ba suka shiga ginawa.

Mushe: To Indiya fa, Malama? Daga 2014 zuwa 2019 gwamnatinsu ta ce ta gina salanga miliyan 100, da tallafi. An sha samun gidan da salangar na nan amma maigida daji yake nufa.

Malamar Likita: Gaskiya ne. Amma hakan ya nuna kuɗi kaɗai ba ya isa, bai nuna kuɗi ba shi da amfani ba.

Hajiya: Ku maza kuna ta Indiya da Mali. Ni a tambaye ni. Mace ta wuni tana matse ciki, ta rage shan ruwa da gangan don kada ta buƙaci fita da rana. Mai ciki haka, mai jego haka, ga tsoron maciji da na ɗan iska. Wace mace ce ba ta son salanga? Sai dai mai so daban, mai riƙe da kuɗin daban. In Mushe ya ce rashin so, ya faɗi na wa.

Mushe: Hajiya, ai maganata kenan. Magidanta nake nufi.

Hajiya: To ka ce magidanta, kar ka ce mutane.

Baba Magini: Bari in ƙara. Duk lissafin nan na ranar gini ne. Wa ke komawa bayan damina biyu ya ƙirga waɗanda ke tsaye? Wanda ya yi ta laka ta rufta, da wuya ya sake, don an riga an yi bikin cewa gari ya daina bahaya a fili, baƙi sun tafi. A gari kuma matsalar cika ce. Gidan haya mai ɗaki goma, rami guda. In ya cika, ko a kira motar yasa, ko a samu masu kwashewa da bokiti cikin dare su tona rami a bakin titi su binne.

Ɗan Konni: Motar ma ina take juyewa? Bayan gari, kusa da gonaki. Ruwa ya sauko ya maido mana. A Yamai ku dubi abin da Gunti Yena, ƙoramar da ta ratsa birnin, ke kaiwa kogin Kwara.

Malamar Likita: Kwalarar 2021 ta taɓa jiharmu, ba labari aka ba mu ba. Kuma akwai wanda ba a ambata: kashin yara. Gida da salanga, amma a kwashe fo a watsa bayan katanga, wai na yaro ba ya cutarwa. Yana yi ƙwarai.

Mushe: Wannan tarbiyya ce, ba talauci ba. Kun dawo layina.

Baba Magini: Ba mu dawo ba. Ka ba ni siminti da ƙarfe a rahusa, maigida ya tona raminsa ya biya aikina, Meri, wato ofishin magajin gari, kuma ta ware filin juye kashi nesa da rijiyoyi. Wannan ba kyauta ba ce.

Mushe: Rahusar wa zai biya? Furoje ya yi shekara uku ya naɗe tabarmarsa.

Hajiya: Mu adashi muka yi har mutum huɗu suka zuba murfin siminti a unguwarmu. Baba, in mun haɗa gida goma lokaci guda, nawa za ka sauko mana?

Baba Magini: Sai na ga ƙasar wurin, Hajiya. Dutse ne ko rairayi?